Rigar Baba a Layi na Bakwai

Vadu Sec, 6 ga Mayu

Mamata,

Almasihu ya tashi! Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan ƴar takarda. Ya aiki, ya jikin Bruna, tsohuwar da kike jinya? Bayanki fa, har yanzu yana ciwo in kin ɗaga ta? Mu nan lafiya lau, sai tarin da Kaka Gavril yake yi da safe, shi ma ya ce ba tari ba ne, kaji yake gaisarwa. Kwalin da kika ba Serioja direba ya iso, da taliya da sabulu da jar rigar nan. Na gode. Na sa ta sau ɗaya a ɗaki, na kalli madubi, kunya ta kama ni na cire.

Jiya aka yi Istan matattu. Mun je maƙabarta da burodi da jajayen ƙwai, muka shimfiɗa tawul a kan kabarin Baba. Kaka ya tsiyaya masa ruwan inabinmu na bara, ya ce, "Ɗanɗana, Sava, ka gaya mini gaskiya, don rayayyu ba sa faɗa." Shekara huɗu ke nan, amma in na ga sunansa a jikin gicciyen sai in ga kamar na wani ne.

Kin san daga maƙabarta ana hango gonarmu a kan tudu. Duk gonakin inabin mutane baƙi ƙirin suke, an nome su tas kamar an bi da tsintsiya. Tamu kaɗai ce kore shar, ciyawa har gwiwa, da jajayen furanni tsakanin layuka. Ni kam kyau take yi mini. Amma Tanti Lida, matar Kawu Mitru, sai da ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wayyo Sava, ina ma ka tashi ka ga gonarka! Ko gonar mashayi ba ta kai wannan ba. Mata tana Italiya, tsoho yana kiwon macizai." Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni dai na sunkuyar da kai ina ɓare ƙwai. Kaka ya ce, "Lida, sa ƙwan a bakinki ya samu aikin yi."

Mama, akwai abin da na gani, ban gaya wa kowa ba sai ke. Tun da dusar ƙanƙara ta narke Kaka bai taɓa fartanya ba. Yakan hau tudu da safe, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa ya yi ta shanshanawa, yana magana shi kaɗai. Ran Laraba na bi shi da abinci, na tsaya bayan bishiyar goron bature. Sai na ga ya zaro farar rigar Baba daga ƙirjinsa, wadda yake sawa zuwa coci. Ya tona rami a layi na bakwai, ya binne ta, ya kafa sanda a kai, ya daɗe a durƙushe.

Sai da na yi kuka. A littafin da nake karantawa akwai wata baiwar Allah da ta binne wasiƙun masoyinta a gindin bishiya, daga ranar ba ta ƙara komawa daidai ba, kullum tana can tana hira da ƙasa. Ina ganin haka zuciyar Kaka ta zama. Ya bar gonar ta yi makoki tare da shi. Ban tambaye shi ba, kin san ni da nauyin baki.

Yaushe za ki zo? Na sani, na sani. Tambaya kawai na yi.

Ƴarki mai kewarki,
Otilia

*

Padova, 15 ga Mayu

Tili ƴata,

Hakika ya tashi. Ina lafiya, bayan da sauƙi. Bruna tana nan, jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Rigar nan don sawa aka saya miki, ba ajiya ba.

Wasiƙarki ta tayar mini da hankali. Na karanta ta sau uku a tsaye a kicin, miya tana ƙonewa. Lida ta riga ta gaya mini zancen ciyawa a waya, na ce bakin Lida ne, ba a kan shi aka fara ba. Amma ke ba ki ƙarya.

Ki saurare ni da kyau. Haka Bruna ta fara. Cokula take binnewa a tukunyar fure, tana hira da mijinta da ya mutu. Ƴaƴanta suna dariya, sai da ta bar gas a kunne. Ki duba mini: kakanki yana kiran sunanki daidai? Yana gane hanyar gida? Ki ɗauke ashana daga kusa da gadonsa. Kada ki bar shi ya sauka ɗakin ƙasa wurin gangunan inabi shi kaɗai, matakalar nan ko mai ƙafa biyu masu kyau tsoronta yake.

Batun gona kuwa, Tili, ke yarinya ce, fure kike gani. A garinmu gona ita ce fuskar gida. In mutum zai nemi aure, gonar gidan ake fara dubawa kafin fuskar yarinya. Ciyawa ɓarauniya ce, ita ke shanye ruwan inabi, haka ubana ya koya mana, haka ubanki ya yi har ya koma ga Allah. Ko ganye ɗaya ba ya bari tsakanin layuka. Ban bar ki kina shekara goma sha uku na zo nan ina wanke tsohuwar wasu don a tsaya a kan kabarin mijina ana dariyar gidansa ba.

Na kira Mitru. Na roƙe shi ya shiga da tarakta ya kife ciyawar nan duka, da zarar ya gama da tasa gonar. Na ce ya zaɓi ranar da kakanki zai shiga birni ganin likitan ƙirji, don kada ya tsaya yana kallo ana yi masa aikin da ya gagare shi. Tsoho da kunya. Ya dawo ya tarar da gona tsaf, zuciyarsa ta yi sanyi. Kada ki gaya masa.

Da ina da takardun zama da gobe ina hanya. Kin san in na fita ba za su bar ni in dawo ba. Ki rage littattafan nan, ki riƙa cin abinci.

Mamanki,
Tamara

*

Vadu Sec, 24 ga Mayu

Mamata,

Almasihu ya tashi! Ina fata kina lafiya. Sati biyu da rabi babu takardarki. An ce motar Serioja tana tsare a kan iyaka da kayan mutane duka, wai wata takardar mota ce ba ta cika ba. Tanti Lida tana ta kukan cukunta da zai ruɓe. Wannan zan ba direban garin gaba, Allah ya sa ta same ki.

Mama, na yi abin kunya, amma dariya za ki yi. Tun ranar nan nakan tsinki furanni in ajiye a gindin sandar da Kaka ya kafa a layi na bakwai. Ran Litinin ya kama ni.

Ya ce, "Ke Gimbiyar Littafi, wa ya mutu a gonata ban sani ba?"

Na ce, "Rigar Baba." Muryata ko ni ban ji ta ba.

Ya yi ta dariya har tarinsa ya tashi. Ya ce, "Rabin riga dai. Ɗaya rabin yana gonar kawunki, na binne masa ranar da ya tafi kasuwa. Duk abin da uwarki take aiko mana roba ne, ko akuya ba za ta ci ba. Rigar ubanki ce kaɗai auduga zalla a gidan nan."

Wai gwaji ne. Ƙasa mai rai tana cin auduga, matacciya ba ta iyawa. In an yi wata biyu zai tono duka biyun a gaban Kawu Mitru da duk mai baki a garin nan.

Ya zaunar da ni ya ba ni labari. Shekarar da kika tafi, kin tuna na rubuto miki an yi ruwan da ya cika hanyar coci da laka? Ashe ƙasarmu ce. Ya ce ya tsaya a gindin tudu yana kallon gonar ɗansa tana wucewa ta gaban ƙafarsa. Shekara talatin ya yi a gonar gwamnati ta da, yana kife ƙasa yana feshi, an ba shi lambar yabo ma, kuma da idonsa ya ga baƙar ƙasa ta koma ja kamar bulo. Ya ce, "Mun yi ta aske ta muna cewa tsafta. Ke in an tuɓe ki an tsayar da ke a rana da ruwa, kwana nawa za ki yi?" Na ji kunya har kunnuwana.

Ciyawar nan ba fitowa ta yi don kanta ba, shi ya shuka ta, shekara uku ke nan. Akwai mai ganye uku-uku, akwai ɗan wake mai nannaɗo, akwai hatsin dawaki. Ya tuge ɗaya ya nuna mini ƙananan ƙulli a saiwarta, ya ce taki ne take dafa wa inabi. In furen ya gama zai yanke ta da dogon lauje ya bar ta kwance kamar bargo. Bai ɓoye ba, ya ce shekara biyun farko inabin ya ragu, don da gaske ciyawa tana shan ruwa. Bana ne yake sa ran ƙasar za ta fara mayarwa.

Ya kafa shebur ya juyo, muka ƙirga tsutsar tana guda goma sha huɗu. Ƙasar tana warwatsewa kamar marmashin burodi, tana ƙamshin daji bayan ruwa. Abin da yake shanshanawa ke nan. Maganar da yake yi shi kaɗai kuwa, ƙirga ce.

Amma da muka tashi na ga ya gyara furannina a gindin sandar, bai zubar ba.

Abin da na rubuto miki a waccan wasiƙar ki manta da shi. Na zuba gishiri da yawa. Kaka ras yake, ya fi ni hankali.

Ƴarki,
Otilia

*

Vadu Sec, 3 ga Yuni

Mama,

Muna nan da rai. Ban san yadda zan fara ba.

Jiya Kaka ya bi motar safe zuwa birni wurin likita. Ina wanke kwanuka na ji kukan tarakta a kan tudu. Na ce ba dai tamu ba. Na fita da kumfa a hannu, na hau da gudu.

Kafin in kai, Kawu Mitru ya gama layi huɗu. Furannin duk sun shige ƙasa, hankaki sun sauko suna tsintar tana a bayan garma. Ya hango ni ya ɗago hannu yana murmushi.

"Ƴar ƙanwata! Zo ki ga gona ta zama gona. Uwarki ce ta aiko ni."

Na buɗe baki, Mama, wallahi na buɗe, babu abin da ya fito. Ya yi na biyar ina tsaye. Ya yi na shida ina tsaye kamar turke. A littafi da yarinyar ta yi magana mai ratsa zuciya kowa ya tsaya. Ni ko "Kawu" na kasa. Da ya juyo da tarakta zai shiga na bakwai, na hango sandar nan, sai kawai na je na zauna a gindinta na rungume gwiwoyina.

Ya danna ham. "Tashi, Otilia, kada in noma ki ki fito bana da inabi a ka!" Ban tashi ba. Ya sauko ya lallashe ni, ya yi faɗa, ya ce man da ya ƙona kyauta ya ƙona, ya ce dangin ubana duk kansu da motsi. Ya kama hannuna, na riƙe sandar. Ƙarshe ya zauna a kan tayar yana shan taba, ni ina ƙasa, har rana ta take.

A haka Kaka ya same mu, da ledar maganinsa a hannu. Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya bi layi na farko a hankali har ƙarshe, ya sunkuya ya ɗauki wata tana da garma ta raba biyu, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Mitru, wa ya ba ka gonata?"

Kawu ya ce, "Haba Baba Gavril, taimako ne. Tamara ce ta ce in zo. An gaya mata jikin naka ya fara, wai har tufafi kake binnewa kana hira da ƙasa. Ba abin kunya ba ne, tsufa ne."

"Wa ya gaya mata?"

Kawu ya juyo ya kalle ni.

Mama, kallon da Kaka ya yi mini. Babu fushi a ciki. Kamar ya tono shebur bai samu komai ba.

Yau da safe Serioja ya iso da takardarki ta sha biyar ga Mayu. Na karanta. Da ta zo a kan lokaci da na gaya masa, ko kin hana. Me ya sa ba ki tambaye shi ba? Ni yarinya ce, kin faɗa da kanki, to me ya sa kika yarda da ni? A'a, ba haka nake nufi ba. Ni na rubuta. Ni na ga tsoho yana aikinsa na mayar da shi labari don ya yi daɗin karantawa.

Kaka ya ci mamaligarsa, tuwon masaran nan namu, ya ce an gode. Ya kira ni Otilia. Tun ina rarrafe bai taɓa kirana da sunana ba.

Otilia

*

Padova, 14 ga Yuni

Tili,

Ina lafiya. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka same ni, ta dariya da ta kuka. Na karanta su a jere, ban so haka ba.

Ki daina cin kanki. Abin da kika gani kika faɗa, ni ce babba. Amma ki sa kanki a wurina. Ina nesa, ido ɗaya gare ni a gidan nan, ke ce. Ido ya ce mini tsoho yana binne riga. Me zan yi, in naɗe hannu?

Ran Lahadi na kira gidan Mitru na ce a kira mini kakanki. Na tsaya a rumfar waya ina jira har katina ya kusa ƙarewa. Lida ta dawo ta ce wai ya ce mahaukaci ba ya magana a waya. Wannan magana ta yi mini zafi. Shekara goma sha takwas ina kiransa Baba.

Kuma ban yarda duk garin ne suka ɓata shi kaɗai ya gane hanya ba. Kakanninmu da suka yi ta noma fa, wawaye ne? Tana goma sha huɗu! Tana ake matsewa a zuba a ganga? Layi shida ne cikin ashirin da biyu, kuma ciyawa ce, ba mutum aka kashe ba. Abin da ba ya wuya a duniya shi ne ciyawa ta sake fitowa.

Ki gaya masa niyyata alheri ce. Ki gaya masa haka, kada ki ƙara, kada ki rage.

Me likitan ya ce game da ƙirjinsa? Duk cikinku babu wanda ya gaya mini.

Mamanki

*

Vadu Sec, 4 ga Yuli

Mamata,

Gaisuwa da fatan alheri. Likita ya ce ƙirjin ba abin tsoro ba ne in ya bar taba, shi kuma ya ce likitan yaro ne. Na isar da saƙonki yadda kika ce. Ya ce, "Na ji." Shi ke nan.

Wannan karon abin da ya faru kawai zan rubuta, ba ƙari.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan azahar, sama ta yi baƙi ta wajen kogi. Ruwan bai kai awa ɗaya ba, amma kamar da bokiti ake juyewa, har da ƙanƙara. Muna tsaye a bakin ƙofa muka ga hanyar coci ta zama kogin laka. Kaka ya ce, "Ga gonakin garinmu za su coci."

Da aka ɗauke muka hau. A layuka goma sha shidan da ya yanke ciyawarsu ya kwantar, ruwan ya shige ƙasa, ƙafata ko nutsewa ba ta yi ba. A shidan da aka nome, ruwan ya bi sawun garma tun daga sama, ya tsaga rami har gwiwata. Saiwoyin inabi suna waje fari fat. Itatuwan inabi tara sun kwanta, cikinsu har da biyun da Baba ya dasa shekarar da aka haife ni. Kaka ya ce wataƙila a ceci huɗu. Gonar Kawu ta fi tamu shan wuya, kusan duk ta zaizaye.

Mama, ciyawa za ta sake fitowa, gaskiyarki. Ƙasar da za ta fito a kai ce ta tafi.

Tun ranar muke kwasar laka daga bakin hanya da bokiti muna mayarwa sama. Kaka biyu, ni ɗaya. Tafin hannuna duk ya fashe. A rana ta uku Kawu Mitru ya zo da tirela a bayan tarakta, bai yi sallama ba, ya hau lodi. Kaka ya ce, "Ka tabbata tamu kake ɗiba? Taka ma tana nan a ciki." Kawu ya ce, "Tsoho, bar ni da abin da ya dame ni."

Shekaranjiya wata biyu suka cika. Kaka ya ce wa Kawu ya ɗauko shebur ya biyo shi. Ya kai shi can saman gonar Kawun inda ruwa bai ci ba, ya ce tona nan. Kawu ya tono rabin riga, ta yi datti amma lafiyarta ƙalau, ko wankewa aka yi sai a sa. Ya ce, "Wannan kuma wane tsafi ne a gonata?" Muka dawo layi na bakwai. Abin da ya fito daga nan wuyan riga ne, da zaren ɗinki, da maɓallai uku. Sauran babu. Tanti Lida ma ta zo kallo. Kawu ya daɗe yana juya su a hannu, sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Irin ciyawar nan, a ina ake samu?"

Na zaci Kaka zai yi murna. Bai yi ba. Ya naɗe duka biyun a jarida ya miƙo mini. Ya ce, "Aika wa uwarki. Ke kin iya rubutu, amma wannan karon bar rigar ta yi magana."

Ga su nan a cikin kwalin, ƙarƙashin kwalbar zuma. Ki yi haƙuri da ƙasar da ke jiki, ya hana ni kakkaɓewa.

Ƴarki,
Otilia

*

Padova, 17 ga Yuli

Tili ƴata,

Kwalin ya iso. Ina lafiya, in ban da idanuna.

Na fara buɗe guntun. Na gane maɓallan, ni na ɗinka su, na tsakiyan ma ba irin sauran ba ne don na rasa ɗan'uwansu. Na ji haushin kakanki ya taso mini, na ce ya ba ƙasa rigar mijina ta cinye. Sai na kai hancina. Tili, ƙamshin gonar ubana ne, lokacin ina ƙarama, kafin a zo da manyan garmuna. Na manta ƙasa tana da ƙamshi. Ɗaya rabin na shanshana, ba ya ƙamshin komai.

Ran Lahadi ɗan Bruna ya kwashe mu a mota zuwa kan tuddai shan iska. Gonakin inabi ko'ina, da yawansu da ciyawa tsakanin layuka. Shekara uku ina ganinsu ina cewa a raina Italiyawa ragwaye ne. A hanya shi da matarsa suna shawarar sayar da gidan Bruna, tana zaune a tsakiyarmu, ba wanda ya waiwayo ya tambaye ta. Na ji kamar in mare shi. Sai na tuna abin da na yi ke nan, har da zaɓen ranar da ba ya gida.

Guntun na riƙe, yana ƙarƙashin matashina. Rabin da ƙasa ta ƙi ci na mayar miki. Ki kai wa kakanki, ki tsaya a gabansa, ki ɗaga murya yadda zai ji, ki karanta masa wannan:

Baba, na yi maka laifi. Na yanke maka hukunci ban tambaye ka ba. Ka binne wannan a cikin layuka shidan da na sa aka kashe. Ranar da ƙasar ta cinye shi, a rubuto mini, zan san gonar Sava ta yafe mini. Kai kuma ban san ranar da za ka yafe mini ba.

Akwai ƙunshin irin wake a kwalin, wani manomi a nan ya ce shi suke shukawa tsakanin layuka a lokacin kaka. Ban sani ba ko zai yi a wurinmu. Shi ya sani.

Ki shafa man nan a hannunki.

Mamanki,
Tamara

*

Vadu Sec, 29 ga Yuli

Mamata,

Muna lafiya. Uku daga cikin inabin da suka kwanta sun yi sabon ganye. Ɗaya na Baba ne. Ɗayan na Baban ya bushe.

Na karanta masa. Na ɗaga murya har kaji suka watse. Yana zaune yana wasa lauje, bai ɗago ba sai da na gama. Ya buɗe ƙunshin waken, ya ciji ɗaya, ya ce, "Ba laifi, Italiyawa sun san wani abu." Sannan ya karɓi rabin rigar ya shimfiɗa a gwiwarsa yana shafawa.

Na ce, "In ɗauko shebur?"

Ya ce, "Ina! Yanzu in an binne, kunya kawai za a ba ƙasar. Ba ta da haƙora. Sai an shuka, an yanke, an kwantar, sau uku. Shekara uku, in Allah ya kai mu."

Ya shiga ɗaki ya sa ta a akwatin da yake ajiye kayan da za a binne shi da su. Ya fito ya ce, "Ɗauko alƙalaminki, Gimbiyar Littafi. Rubuta yadda na faɗa, kada ki sa mini fure."

Ga shi, ban sa ba:

"Tamara, ƴata. Ƙasa zan gyara ta, aikina ne. Amma ba ni zan binne rigar nan ba, ba kuma yarinyar nan ba. Wanda ya aiko garma shi zai riƙe shebur. Kin ji shekarun. Ina tari, kada ki makara."

Mama, shekara uku. Na ƙirga, zan kai goma sha tara. Jar rigar tana nan, ranar da kika dawo zan sa.

Ƴarki,
Tili